Gulbi Ya Kawo

1. Ranar kasuwa

Ana tsakiyar damana, cikin watan Agusta. Makaranta tana hutu. Hatsi ya yi kyau a gonaki, amma rumbuna sun yi ƙasa. A wani ƙauye na bakin Gulbin Maradi, wata mata ta kira ɗanta saurayi da ƙanwarsa ƴar aji huɗu. Ta ce musu: «Ku kai ragon nan kasuwa ku sayar, ku auno mana gero. Abin da ya rage a gidan nan ba zai kai mu Juma'a ba.»

Kasuwar tana ƙetaren gulbi. Suka ɗaura wa sa amalanke, suka ɗora rago, suka kama hanya da hantsi. Sama garau take, babu ko alamar hadari.

A mashigi suka tarar da wani dattijo a tsugune, da littafi da alƙalami a hannunsa. Shi ne mai karanta ma'aunin ruwa na wurin.

«Ina kwana, Baba?»

«Lafiya lau, ƴaƴana. Ina za ku?»

«Kasuwa za mu.»

«To, ku dakata tukuna. Gulbi yana tafe.»

Saurayi ya dubi sama, ya yi dariya. Ya ce: «Haba Baba! Kwana uku ke nan ko yayyafi ba a yi ba a garin nan. Jiya ma na ƙetare, ruwa iyakarsa ƙwauri.»

Dattijo ya ce: «Jiya daban, yau daban, ɗana. Da asuba na karanta 40 a ma'auni. Yanzu ga shi ya kai 55. Kuma daren jiya an yi ta walƙiya a kudu.»

Sai ya karyo kara, ya kafa shi daidai bakin ruwa. Ya ce wa yarinyar: «Ke, sa ido a kan karan nan.» Ba su gama magana ba, yarinya ta ce: «Yaya, duba! Ruwa ya wuce kara!» Ruwan kuwa ya rine ya yi ja. Kumfa tana bisansa, ga karare da ganyaye suna wucewa.

Ana cikin haka sai ga wani ɗan kasuwa bisa babur. Dattijo ya ɗaga masa hannu. Mutumin ya ce sauri yake yi, ya kutsa cikin ruwa. Bai kai tsakiya ba ruwa ya kwashe ƙafafun babur. Ya saki babur ɗin, ya kwanta rigingine, ruwa yana tafiya da shi. Mutane suka bi gaɓa da gudu suna kururuwa. Wani ya ɗaura igiya ga bido wanda babu komi a ciki, ya jefa masa. Ya rungume bidon, aka jawo shi gaɓa. Babur kuwa, sai bayan kwana biyu aka tono shi cikin rairayi.

Kafin azahar gulbi ya cika gaɓa da gaɓa. Saurayi da ƙanwarsa suka juya gida da ragonsu. Washegari suka zagaya ta kadarko, suka ci wata kasuwa mai nisa. Ragon bai yi kuɗi kamar yadda suke so ba, amma sun auno gero. Uwarsu ta ce: «Gara in rasa kasuwa da in rasa ɗa.»

2. Daga ina ruwan ya fito?

Saurayin nan ya dubi saman garinsu kaɗai. Nan ne ya yi kuskure. Ruwan gulbi ba ruwan gari ɗaya ba ne.

Gulbin Maradi yana tasowa daga Najeriya. Yana shigowa Nijar ta ƙasar Madarunfa, ya bi ta Maradi da Tibiri da Gidan Rumji. Daga nan ya koma Najeriya, ya faɗa cikin Gulbin Rima. In an yi ruwa mai yawa a ƙasar Katsina, ƙananan ƙoramu suna tattara shi su zuba a gulbi. Ruwan ya kama hanya, ya iso ƙauyukan da ko ɗigo ba su samu ba. Tun wajen shekarar 1990 akwai madatsar ruwa a Jibiya. In ta cika aka saki ruwa, shi ma yana ƙara wa gulbi.

Haka abin yake ga Majiya a jihar Tawa, da ƙoramun jihar Damagaram, da kwaruruwan dutsen Abzin. Wata da watanni suna bushe, yara suna wasa cikin rairayinsu. Rana ɗaya sai su kawo.

Mutanen Maradi sun san ƙarfin gulbinsu. Tsohon gari a cikin fadama yake. A shekarar 1945 ambaliya ta rushe shi, aka tashi aka koma bisa tudu. A damanar 2024 kuma ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a Nijar. Wasu gini ne ya faɗa musu, wasu ruwa ne ya ci su.

3. Ma'aunin ruwa

Ma'aunin ruwa allo ne na ƙarfe, dogo, siriri. Tsawon kowane allo mita 1 ne. An rarraba shi santimita santimita, an rubuta lambobi manya yadda za a gan su daga nesa. Ana kafa allunan a gaɓa kamar matakala: na farko can ƙasa, na biyu bisa da shi, na uku bisa da na biyu. In ruwa ya rufe na farko, sai a karanta na biyu. Wani wuri kuma ana manna su a jikin ƙafar kadarko.

Mai karanta ma'auni yana zuwa safe da yamma. Yana duban lambar da ke daidai fuskar ruwa, ya rubuta ta tare da rana da lokaci. In ruwa yana hawa da sauri, yana ƙara zuwa. Daga nan ya aika wa ma'aikatan ruwa. A wasu wurare akwai na'urar da take awon da kanta, ta aika da lambar ta iska zuwa ofis.

Abu biyu ne ya kamata ɗalibi ya gane.

Na farko: lambar ma'auni ba ita ce zurfin mashigi ba. Ƙasan gulbi ba shimfiɗe yake kamar tabarma ba. Akwai tudu, akwai rami. Kowace ambaliya tana kwashe rairayi nan ta tara shi can. Inda aka taka jiya lafiya, yau yana iya zama rami.

Na biyu: lamba ɗaya ba ta isa ba. Sai an gwada ta da wadda ta gabace ta. In da safe 70 ne, da rana 55, ruwa yana janyewa. In da safe 40 ne, da hantsi 55, ruwa yana hawa. Lambar ɗaya ce, 55, amma labarin ya bambanta. Abin da dattijo ya gani ke nan.

Inda babu ma'auni, kara ya isa. A kafa shi daidai bakin ruwa, a koma bisa gaɓa, a jira minti 10. In ruwa ya wuce karan, gulbi yana hawa.

4. Gudun ruwa

A farkon watan Oktoba aka koma makaranta. Yarinyar ta ba ƴan ajinsu labarin abin da ta gani. Malam ya ce: «Madalla. Gobe za mu je wurin dattijon nan.»

Suka tarar ruwa ya janye, yana tafiya a hankali, ana ganin rairayin ƙasa. Malam ya auna mita 10 a gaɓa, ya kafa sanda a farko da ƙarshe. Wani yaro ya jefa guntun icce a tsakiyar ruwa, gaba kaɗan da sandar farko. Malam yana duban agogo. Iccen ya yi sakan 20 tsakanin sanda da sanda.

Malam ya ce: «Mita 10 cikin sakan 20. Mita nawa ke nan cikin sakan 1?»

Yara suka ce: «Rabin mita, Malam!»

Dattijo ya shiga ruwan da sandarsa ta awo, yara suna kallo daga gaɓa. Ya auna faɗi, ya sami mita 16. Ya auna zurfi wuri biyar. Aka haɗa, aka raba biyar, aka sami rubu'in mita.

Malam ya ce: «Ku ɗauka ga akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1. Yana cin lita 1000. Da irin wannan akwati masana suke ƙirga ruwan gulbi. Ana ninka faɗi da zurfi, sannan a ninka da gudu.»

Ya rubuta a ƙasa: 16 sau rubu'i, 4. Kuma 4 sau rabi, 2. Wato akwati 2, ko lita 2000, suna wucewa kowane sakan.

Dattijo ya ce: «Saura gyara ɗaya, Malam. Ruwan bisa ya fi na ƙasa gudu, don na ƙasa yana gugar rairayi. Sai a cire kashi ɗaya cikin biyar.» Aka cire 400, ya rage lita 1600. Tano 8 ke nan masu cin lita 200, a kowane sakan. Yara suka yi mamaki, don ruwan ko gwiwar dattijo bai kai ba.

5. Kogin Isa a Yamai

Babban kogin Nijar shi ne kogin Isa, wanda ake kira Kwara a Najeriya. Tsawonsa wajen kilomita 4200 ne. Yana tasowa daga duwatsun Gine, ya ratsa Mali, ya yi tafiyar kilomita 550 cikin Nijar. Tun shekarar 1929 ake rubuta awonsa a Yamai.

Sau biyu kogin yake kawowa a Yamai cikin shekara. Na farko shi ne jan ruwa, a Agusta da Satumba. Yana fitowa daga rafuka uku da suke gangarowa daga wajen Burkina Faso: Goruwal, Dargol da Sirba. Yana hawa da sauri, yana ɗauke da jar ƙasa. Na biyu ruwan Gine ne. Damanar can ce take kawo shi, amma yana daɗewa cikin manyan fadamun Mali. Sai wajen Janairu yake cika a Yamai, ana tsakiyar ɗari, babu hadari ko kaɗan.

An sa wa ma'aunin Yamai alamu uku na gargaɗi. In ruwa ya kai santimita 530, alama rawaya ce: a sa ido. In ya kai 580, alama mai launin lemo ce: a shirya. In ya kai 620, alama ja ce: mutanen bakin kogi su tashi zuwa tudu. Ana sanar da jama'a ta rediyo da talabijin da wayar hannu.

Ran 8 ga Satumba 2020 ma'aunin ya kai santimita 700. Ba a taɓa rubuta lamba mai yawan wannan ba kafin ranar. Fiye da akwati 3000 suke wucewa kowane sakan. A cikin watan ne ruwa ya fasa ganuwar da ke kare unguwar Lamorde, ya shiga gidaje. Amma kogin nan dai shi ne ya tsaya cak a Yamai a watan Yuni 1985, saboda fari.

Ƙasa ɗaya ba ta iya tsaron kogi ita kaɗai. Don haka a shekarar 1980 aka kafa hukumar kula da kogin Isa. Ƙasashe 9 ne a cikinta, mazauninta yana Yamai. Ma'aikatan Gine da Mali suna ba da awonsu, na Nijar su san abin da ke tafe. Na Nijar kuma su ba na Benin da Najeriya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

6. Ƙarfin ruwa mai gudu

Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Akwati 1 kuwa kilo 1000 ne, nauyin buhu 10 na gero masu kilo 100. Wanda ya shiga gulbi mai gudu, irin wannan nauyi ne yake turarsa ba hutawa.

Gudu ya fi zurfi haɗari. In gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin turarsa yana ninka huɗu. In ya ninka uku, ƙarfin ya ninka tara. Ruwa mai saurin gudu, ko zurfinsa santimita 15 ne, yana iya kayar da babban mutum. Mai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota. Mai santimita 60 yana tafiya da yawancin motoci. Shi ya sa direban kirki yake tsayawa in ruwa ya hau radiye.

Ga alamun da suke cewa kada a ƙetare:

1. Ruwa ya rine, ba a ganin ƙasa.
2. Yana ɗauke da kumfa, da karare, da rassa.
3. Icce da aka jefa ya fi mai tafiya a gaɓa sauri.
4. Ruwa ya wuce karan da aka kafa.
5. Ana jin ruri daga inda gulbi yake fitowa.
6. An ga hadari ko walƙiya a wancan wajen.
7. Dare ya yi.

Ko ɗaya daga cikinsu aka gani, sai a jira. Ruwan kwari da na ƙorama ba ya daɗewa, sau da yawa yana janyewa cikin ƴan awoyi. Sannu ba ta hana zuwa.

In ruwa ya kwanta, yaro ya ƙetare tare da babba, a mashigin da aka sani. A riƙe sanda ana taɓa ƙasa kafin a taka. A fuskanci inda ruwa yake fitowa. Kada a ɗaura kaya a jiki. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwar yaro ya fi ƙarfinsa.

Kada a zauna ƙarƙashin gaɓa ko a bakinta. Ruwa yana cinta ta ƙasa, ta rufto ba labari. Makiyayi ya fid da dabbobinsa daga cikin kwari in ya ga hadari, ko da nesa ne.

Mai shiga kwalekwale ya zauna wuri ɗaya, kada ya miƙe. In jirgi ya cika, a jira na baya. In akwai rigar ceto, a sa ta tun a gaɓa. A ji maganar masu fito, su ne suka san ruwansu.

7. In ruwa ya ja mutum

Ɗan kasuwan nan ya yi kuskure da ya shiga. Amma abu uku ya yi daidai: ya saki babur, ya kwanta rigingine, ya kama abin da aka jefa masa.

Wanda ruwa ya ja, ya saki kayan da ke hannunsa. Ya kwanta da baya, fuska tana sama, ƙafafu suna gaba wajen da ruwa ya nufa. Ta haka ƙafa ce za ta bugi dutse, ba kai ba. Kada ya yi ƙoƙarin tsayawa cikin ruwa mai gudu, don ƙafa tana iya maƙalewa, ruwa ya danne shi. Kada ya yi kokawa da ruwa yana son komawa baya. Ya bi shi, yana tuƙi da hannuwa a karkace zuwa gaɓa. Ya kauce wa itacen da ya faɗi cikin ruwa: ruwa yana wucewa ta cikin rassa, mutum ba ya wucewa.

Wanda yake gaɓa kuma, kada ya faɗa ruwa, ko da ya iya iyo. Mai nutsewa yana ƙanƙame wanda ya zo cetonsa, su tafi tare. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Ga abin da zai yi:

1. Ya yi kururuwa, ya kira manya.
2. Ya jefa abin da ba ya nutsewa: bido rufaffe wanda babu komi a ciki, ko gora, ko busasshen icce.
3. In mutumin yana kusa, ya kwanta rub da ciki a gaɓa, ya miƙa masa doguwar sanda ko igiya. Kada ya ɗaura igiyar a jikinsa.
4. In akwai waya, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Wanda aka fid da shi daga ruwa, a cire masa jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi. A kai shi gidan likita ko da ya ce lafiyarsa lau, don ruwan da ya shaƙa yana iya ta da ciwo daga baya.

Kalmomi

Mashigi: wurin da aka saba ƙetare gulbi da ƙafa.
Gaɓa: bakin gulbi mai tudu.
Kadarko: gada.
Radiye: daɓen siminti da hanyar mota take bi ta cikin kwari.
Bido: jarka.
Tano: gangar ƙarfe ta zuba ruwa.
Masu fito: masu ƙetarar da mutane a jirgi.

Tambayoyi

1. Me ya sa saurayi ya yi wa dattijo dariya? Ina kuskurensa yake?
2. Waɗanne alamu yarinya ta gani a ruwa?
3. Ta waɗanne garuruwa Gulbin Maradi yake bi cikin Nijar?
4. Me ya sa lamba ɗaya ta ma'auni ba ta isa ba?
5. Me ya sa kogin Isa yake cika a Yamai cikin ɗari?
6. Ƙaninka ya faɗa ruwa mai gudu, kana gaɓa. Me za ka yi? Me ba za ka yi ba?

Lissafi

1. Da santimita nawa ruwan 8 ga Satumba 2020 ya wuce jar alama?
2. Icce ya yi mita 10 cikin sakan 5. Mita nawa yake yi cikin sakan 1?
3. Faɗin wani gulbi mita 60, zurfinsa mita 2, gudunsa mita 1 cikin sakan 1. Akwati nawa suke wucewa kowane sakan? In an cire kashi ɗaya cikin biyar, nawa ya rage?

Aiki

Ku tambayi tsofaffin garinku: wace shekara ce ruwa ya fi hawa? Ina ya tsaya? Daga wane waje kwarin garinku yake kawowa? Ku zana taswirar garin a allo tare da malaminku. Ku nuna gulbi ko kwari, da mashigi, da tudun da za a gudu zuwa in ruwa ya zo.

A riƙe wannan

Gulbi yana kawowa ko ba a yi ruwa a gari ba. Kafin a ƙetare, a dubi launin ruwa, a dubi gudunsa, a kafa kara. In yana hawa, a jira.